Ƙirjin Sa Huɗu da Ragon Suna: Daren da Gashin Hayaƙi Ya Kusa Kuɓuce Mini a Houston

Matar ƙanina ta haihu ranar wata Asabar a cikin Nuwamba, aka samu namiji. Tun ba a sallamo su daga asibiti ba ya kira ni: "Yaya, walimar suna a bayan gidanka za a yi, nama kuma yana wuyanka." Na ce Allah ya raya, na karɓa. Shekara uku ke nan ina gashin hayaƙi irin na mutanen Texas a wani ɗan ƙaramin tanderun ƙarfe a gidana da ke gefen birnin Houston, 'yan'uwa sun sha ci suna sa albarka. Amma iyakata ƙirjin sa ɗaya, mutum goma ko sha biyu, a ranar da na ga dama. Wannan karon mutum 70 ne, ranar kuma ba ta ɗaguwa: Asabar mai zagayowa, raɗin suna bayan Asuba, walima bayan Azahar.

Na zauna na rubuta abin da ya faru dalla-dalla domin na ga 'yan'uwanmu da yawa a nan sun fara sayen irin wannan tanderu, kuma kusan dukkanmu da idon tsire da balangu muka taso. Wannan idon ya taimake ni a wurare da dama. A wuri ɗaya kuma shi ya kusa jawo mini asarar naman mutane.

Naman da mutanen Texas ke taƙama da shi ƙirjin sa ne, wanda suke kira biriskit. Duk wanda ya san fawa ya san wurin. Tsoka ce da sa yake dogara a kanta in zai tashi, in zai kwanta, in yana tafiya, don haka cike take da jijiya. Ka yanka ta ka tsire a kan garwashi, haƙoranka za su ba ka labari. Tsoka biyu ce a haɗe, ɗaya shimfiɗaɗɗiya mai ƙarancin kitse, ɗaya mai tudu wadda kitse ya ratsa ta ko'ina. Dabarar ita ce a bar ta cikin zafi mai sauƙi, tsakanin digiri 107 da 135 a ma'aunin Salshiyas, na awa 12 ko fiye, har jijiyar ta narke ta koma irin danƙon nan da ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya kwana. Narkewar ba ta kankama sai cikin naman ya haura digiri 70, kuma sai ya kai wajen 93 zuwa 96 ake cewa ya nuna.

Tanderuna ba zai ɗauki ƙirji huɗu ba, sai na nufi maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a filayen haƙar mai. Nasa da hannunsa ya ƙera shi daga tsohon tankin gas mai cin galan 500, tsawonsa kusan mita uku, a kan tirela. Dogon tankin shi ne ɗakin nama. A ƙarshe ɗaya, ƙasa-ƙasa, an liƙa akwatin ƙarfe inda ake hura itace, a ɗaya ƙarshen kuma dogon bututu ne a tsaye. Harshen wuta ba ya ganin nama. Bututun ke zuƙo zafi da hayaƙi daga akwatin, su bi ta kan naman su fice. Babu gas, babu lantarki, babu abin murɗawa. Girman itacen da ka jefa da yawan iskar da ka bari ta shiga, su kaɗai ne linzaminka.

Ya ba ni aro nan take, amma akwai maganar da ta zama dole, na kuwa yi ta a fili: an sha gasa alade a cikinsa. Abin da nake nema a wurinsa, wato a kankare cikin tanderun, yana da nauyi, domin baƙin maiƙon da ya lulluɓe cikin tanderu shekara da shekaru shi ke hana tsatsa, kuma masu wannan sana'a ba sa son a taɓa shi. Dattijon ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in kawo burushin ƙarfe. Laraba da Alhamis muka kankare cikin tas, muka wanke da sabulu da ruwan zafi, muka hura wuta mai ƙarfi ta cinye abin da ya rage. Ya yanko sabuwar ragar ƙarfe ya maye gurbin tsohuwar, muka shafe ko'ina da kitsen sa. Na kwatanta wa limaminmu yadda muka yi, ya ce ya wadatar. Na kuma sanar da manyan da za su zo, domin mutum yana da haƙƙin sanin inda aka dafa abin da zai ci.

Lissafi

Na sayo ƙirji huɗu a wurin mahaucin halal, kowanne wajen kilo shida da rabi, jimla kilo 26. Wanda bai saba ba zai ce ya yi yawa. Amma sai ka fere kitse kusan kilo guda a kowanne, ka bar kaurin fensir kawai, sannan wuta ta tsotse ruwa da mai. Abin da zai isa faranti bai fi rabin abin da ka saya ba. Kilo 13 ga mutum 70, ga shinkafa, ga waina, ga cinyoyin kaji 40 saboda yara, ya isa. Wannan lissafin ya fita daidai.

Na lokaci ne ya ci ni. Na tsara a hura wuta ranar Juma'a ƙarfe bakwai na dare, nama ya shiga ƙarfe tara, ya fito tara na safe, ya huta awa huɗu, a yanka ƙarfe ɗaya da rabi. Ban bar ko awa ɗaya ta ko-ta-kwana ba. Ban kuma sa a lissafi cewa ni ne babban wa ba, mahaifinmu ya rasu, raɗin suna ba zai yiwu babu ni a wurin ba.

Surukin ƙanina ya zo daga Sakkwato makonni kaɗan kafin haihuwar. Ɗan gidan fawa ne, ya haura saba'in, duk muna kiransa Baba. Da yammacin Juma'a ya same ni ina barbaɗa wa naman gishiri da ɓarzajjen masoro rabi-da-rabi, ya tsaya yana jiran sauran. Da ya ga na rufe kwano sai ya ce, "Ɗana, yajin fa?" Na ce, "Baba, ƙuli-ƙuli ba zai jure awa goma sha biyu a wuta ba, ƙonewa zai yi ya yi ɗaci. Yaji yana nan, a kan tebur za a ajiye shi." Na ba shi labarin inda wannan sauƙin ya samo asali. Jamusawa da mutanen Cek da suka zauna a tsakiyar Texas a ƙarni na 19 sun buɗe shagunan nama, abin da bai ƙare ba su banda shi don kada ya lalace, su sayar wa ma'aikatan gonakin auduga a kan takarda, ba faranti. Shagon Kreuz Market da ke garin Lockhart tun 1900 yake, kuma har yau a kan takarda ake miƙo maka namanka. Baba ya gyaɗa kai ya ce ashe mahauci ko'ina mahauci ne.

Itace da iska

A tsakiyar Texas itacen da aka fi so wani nau'in bishiyar da Turawa ke kira ok ne, mai cin wuta a hankali, hayaƙinsa ba ya danne ɗanɗanon nama. Akwai fikan, akwai hikori, akwai kuma meskit na yamma da kudancin jihar. Meskit ɗan'uwan ƙiryarmu ne, kuma halinsu ɗaya: wuta mai tsananin zafi, irin wadda maƙera ke nema. Kowanne daga cikinsu sai an faskara shi ya sha iska wata shida zuwa shekara kafin ya dace da gashi.

Na sayi ok ɗina a wurin wani mai sayarwa a bakin hanya, ya tabbatar mini busasshe ne. Na duba na saman lodin, bakinsa ya tsattsage, ba shi da nauyi, in ka buga biyu sai ka ji ƙara garau. Ban tona ƙasa ba. Rabin lodin ɗanye ne, ban gano ba sai wajen sha ɗaya na dare, lokacin da na jefa wani faskare ya fara tsuwa yana fitar da kumfa ta baki, bututu ya turnuƙe da farin hayaƙi mai kauri.

A nan wanda bai san aikin ba yake ruɗuwa, domin yana ganin yawan hayaƙi shi ne gashin hayaƙi. Hayaƙin da ake so siriri ne, shuɗi-shuɗi, wani lokaci da ƙyar ido ke kama shi, kuma ba ya fitowa sai daga wuta mai harshe wadda ta samu iska. Farin nan mai kauri na itacen da ke ci a daƙile ne. Shi ke sauke baƙin kwalta a kan nama, ya bar ɗaci mai kama harshe. Na ware ɗanyen gefe, na jera faskare a kan rufin akwatin wuta su riƙa ɗumama kafin a jefa su, na koma sa ƙanana duk bayan rabin awa. Hayaƙin ya gyaru, amma busasshen itacena ya fara ja da baya da sauri. A gefen shinge akwai tarin meskit na maƙwabcina da ya ce in taɓa in na matsu.

Wajen ƙarfe ɗaya iskar arewa ta taso, irin wadda ke saukowa Texas a farkon sanyi, ta sauke zafin gari cikin ɗan lokaci. Ƙofar akwatin wuta tana fuskantarta kai tsaye. In ta buso wuta ta tashi, in ta lafa wuta ta kwanta. Allurar ma'aunin da ke jikin murfi tana nuna 120, na riƙa kwantar da hankalina da ita. Sai ƙarfe biyu da rabi na ɗauko ma'aunin hannu na ajiye a kan raga daidai inda nama yake, ya nuna 100. Ma'aunin murfi yana sama, inda zafi ke taruwa, naman kuma yana ƙasa. Awa biyar da rabi ina dafa ƙirji huɗu a zafin da bai kai abin da na yi lissafi da shi ba.

Ƙarfe uku cikin naman ya kai digiri 68, ya cije.

Na san da wannan cijewar, na sha ganinta a ƙaramin tanderuna. Dalilinta shi ne dalilin sanyin ruwan randa. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta kwashe shi, abin da ke ciki ya yi sanyi. Nama ma in ya kai tsakanin digiri 65 da 77 yakan fara fitar da ruwa ta fatarsa, iskar tanderu tana busar da shi, sanyin da hakan ke kawowa yana cinye zafin da wuta ke bayarwa. Sai ma'auni ya tsaya cak, wani lokaci awa uku, wani lokaci biyar, har saman naman ya bushe. A lokacin ne kuma baƙin ɓawon nan mai daɗi yake kafuwa. Babban tanderu mai dogon bututu yana jan iska fiye da ƙarami, ga iskar arewa busasshiya, ga zafi ya yi ƙasa. Duk abin da ke tsawaita cijewa ya haɗu a daren.

Ƙarfe huɗu, 68. Ƙarfe biyar, 69. Ƙanina ya kira: "Yaya, liman ya ce bayan an idar da salla za a yi, mutane sun fara zuwa, goro da dabino suna motarka." Ban runtsa ba tun safiyar Juma'a. Na dubi agogo, na dubi ma'auni, na ga tara na safe ba za ta yiwu ba. Sanin da na yi wa randa bai hana hannuna yin abin da ya saba gani a bakin tukuba ba: nama ya ƙi nuna, a ƙara wuta. Na ɗauko manyan faskaren meskit uku na cusa a akwati don su riƙe har in dawo, na bar ɗan yayata mai shekara 16 da umarnin kada ya taɓa komai, na ja mota.

Yaron bai yi laifi ba, abin da na ce masa ya yi. Meskit ɗin ya kama gaba ɗaya, iska tana hura shi, zafin ɗakin nama ya haura 175. Kitsen da ya taru a ƙasan tanki kusa da bakin wuta ya fara ci. Maƙwabcina mai sammako ne. Ya ga launin hayaƙin ta tagar kicin ɗinsa, ya fito da rigar barci, ya zaro faskare biyu da shebur ya zubar a kan tsakuwa, ya rufe ƙofar akwatin ya toshe bututu har wutar kitsen ta mutu don rashin iska. Bai buɗe murfi ba sai da ta mutu, bai kuma zuba ruwa ba. Da ya yi ɗaya daga cikin biyun nan, da wutar ta tashi ta cinye naman duka.

Na dawo ƙarfe bakwai tare da Baba, an raɗa wa yaro suna, an yi addu'a. Ƙirjin da ke kusa da wuta ƙasansa ya ƙone, shimfiɗaɗɗiyar tsokar ta yi tauri kamar busasshiyar fata. Na biyu ya ɗan taɓu a gefe. Biyun da ke wajen bututu lafiyarsu ƙalau, cikinsu ya kai 76.

Abin da aka yi daga nan ba ni na tsara shi ba. Maƙwabcina ya shiga gida ya fito da nadin jar takardar mahauta, marar kakin shafi, ya ce a naɗe su duka yanzu. Takarda tana rage fitar ruwa, ta karya cijewar, amma tana numfashi, ba ta jiƙa ɓawon ya saɓule kamar yadda takardar alminiyam ke yi. Baba yana ganin takardar ya matso. Ya ce haka ake yi wa gashi a gida, a ƙunshe shi a takarda mai kauri da mansa, a tura shi gefen tukuba ya dahu da tururinsa. Ya tambaya ina kitsen da na fere jiya. Na riga na narka shi a tukunya. Ya karɓa ya zuba wa kowane ƙirji ludayi guda kafin a naɗe, wanda ya ƙone ya ba shi biyu, bayan ya kankare baƙin da wuƙa. Dattawan biyu ba sa jin yaren juna, ni nake tsakani, amma rabin abin da suka yi da hannu suka nuna wa juna.

Muka juya tirelar, ƙofar wuta ta ba iska baya. Muka sauya wa naman wuri, na gaba ya koma baya. Aka riƙe zafi a 135 a kan raga, da ƙananan faskare, ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabcin ya kawo busasshen ok daga rumbunsa. Ya ce in je in kwanta awa biyu, na ƙi, Baba ya ce, "Ɗana, je ka kwanta. Idon da bai yi barci ba shi ya sa itacen nan." Na tafi.

Na farko ya nuna sha ɗaya da rabi, na ƙarshe sai ɗaya saura kwata. Ma'auni yana taimakawa, amma hukunci na tsinke ne: in ka soka a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar tsokar ya shige kamar cikin man shanu, ya yi. Baba bai yi amfani da tsinke ba, ɗaga ƙunshin yake da hannu biyu ya ji yadda yake lanƙwasa.

Nan gardama ta tashi. An yi Azahar, tabarmi sun cika, mata sun sauke shinkafa, ƙanina ya zo ya ce, "Yaya, a yanka haka nan, mutane na jira." Ni ma zuciyata ta karkata can. Ƙirjin da ya fito daga wuta yanzu ruwan cikinsa a tsinke yake, in ka sa wuƙa sai ya malale a kan katako, yankan ya bushe kafin ya isa hannun mai ci. Sai ya huce a hankali danƙon ya kama jikinsa, ruwan ya zauna. Baba ne ya raba gardamar, kuma shi kaɗai ke da girman da zai iya. Ya fita da kansa ya ba baƙi haƙuri, ya ce nama sai bayan La'asar. Aka fitar da kaji, waɗanda muka gasa a gefen zafi har cikinsu ya kai 74, aka ba yara da duk mai jin yunwa, aka zagaya da waina da kunu. Ƙirjin kuma muka bar su a sarari kaɗan tururi ya lafa, muka naɗe da tawul muka jera a manyan kuloli. Na riƙa duba su don kada su sauka ƙasa da digiri 60, domin daga nan zuwa ƙasa ƙwayoyin cuta ke samun wurin yaɗuwa. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a wannan yanayi. Da muka buɗe ƙarfe uku da rabi suna kan 68.

Biyu sun fito yadda ake so: baƙin ɓawo, yanka mai kaurin fensir da in ka ɗora a yatsa zai lanƙwashe bai tsinke ba, in ka ja kaɗan ya rabu. Na uku gefensa ya bushe, tsakiyarsa lafiya. Na huɗu tudunsa ya tsira saboda kitse, shimfiɗar kuwa ba ta yankuwa. Uwargidana ta karɓe ta, ta daddage ta da hannu, ta juya a kasko da man da ya taru a takarda, da albasa da yaji, ta fito da wani abu mai kama da dambun nama. An cinye shi, amma kusan kilo biyu na abin da na yi niyyar yankawa ya tafi a haka, kuma na san wasu daga cikin waɗanda suka zo a ƙarshe ba su samu yanka ba.

Wata goggonmu ta dawo da farantinta ta ce naman bai nuna ba, ga ja nan a gefensa. Wannan abu ne da duk mai ciyar da mutanenmu gashin hayaƙi zai gamu da shi. Jan zoben da ke ƙarƙashin ɓawo ba jini ba ne. Iskar da itace ke fitarwa in yana ci ita ke haɗuwa da sinadarin da ke ba nama launi, ta kafe jan a wurin, ko da an kwana ana dafawa. Na ce, "Goggo, awa goma sha biyar ya yi a wuta, taɓa ki ji." Ta murza da yatsa ya wargaje, ta koma da farantin.

Inda abin ya samo asali

Na daɗe ina juya daren a raina. Ɗanyen itace, iskar arewa da ma'aunin murfi duk sun ci mini lokaci, wajen awa uku in an haɗa, kuma kowanne da maganinsa mai sauƙi: a tona lodin itace har ƙasa kafin a biya, a dubi hasashen iska kafin a kafa tirela, a auna zafi a inda nama yake kwance. Amma ba su suka ƙona ƙirjin ba. Da ina da awa shida a ajiye, da na dube su na ci gaba da jefa faskarena ɗaya-ɗaya. Meskit ukun nan sun shiga wuta ne saboda na ɗaure ƙarshen gashi da sa'ar da ake nemana a wani wuri.

Gidajen gashin da suka yi suna ba sa yin haka. Suna gama ƙirjinsu tun da sauran lokaci mai yawa, su ajiye shi a ɗumi sama da digiri 60 na sa'o'i, kuma doguwar ajiyar ƙara masa laushi take. Sannan wuta tana da mai ita. A garin Lexington na Texas akwai gidan gashin Snow's, wanda mujallar Texas Monthly ta sa a gaba a duk jihar a 2008 da 2017, ranar Asabar kaɗai yake buɗewa. Tootsie Tomanetz, mai gashin wurin wadda aka haifa a 1935, ta shafe shekaru tana isa bakin ramin gashinta da tsakar dare, kuma ba a jiranta a wani taro da asuba. Ni na so in zama mai wuta in kuma zama babban wa a sa'a ɗaya. A ganina wanda zai yi wa taron suna, ko aure, ko Salla irin wannan gashi, ya hura wutarsa da safiyar jajibiri, ya sauke kafin tsakar dare, ya ajiye a tanderun kicin a kan ɗumi mafi ƙasa yana dubawa da ma'auni, ya kwanta. In hakan ba zai yiwu ba, a samu mutum biyu da suka san wutar, a raba dare, kuma wanda zai riƙe asuba kada ya kasance cikin waɗanda za a nema a zaure.

Akwai kuma abin da na raina a farko. Na ɗauka ilimin Baba na tukuba ne, ba zai yi aiki a tankin ƙarfe ba, shi ya sa ranar Juma'a na yi masa bayani maimakon in tambaye shi. Ragon suna ya nuna mini iyakar wannan tunani.

An yanka ragon da safe a wata gona a wajen gari da ke ba Musulmi damar yanka da hannunsu. Kayan ciki suka tafi wurin mata domin mai jego, gangar jikin aka sa a ƙanƙara. Naman da aka yanka yau yakan sandare bayan 'yan sa'o'i, ba ya sakin jiki sai ya kwana, shi ya sa in an yi masa gashin sauri yake tauri. Da tanderu ya samu sarari bayan La'asar, Baba ya ce a bar masa. Ya raba ragon huɗu, ya shafa gishiri, ya jera kafaɗu wajen wuta, haƙarƙari wajen bututu. Ya ce wannan ai tareni ne aka sa wa rufi. A Sakkwato haka suke yi wa ragon layya: a banƙare shi a jikin sanduna, a kafa su kewaye da wuta, ba a kanta ba, a wuni ana juyawa zafi yana ratsa shi daga nesa. Maƙwabcina ya ce shi bai taɓa sa rago a tanderunsa ba, a Owensboro ta jihar Kentucky ya san ana gashin tumaki. Ya jawo kujera ya zauna kusa da Baba.

Baba bai dubi ma'auni ko sau ɗaya ba. Tafin hannu yake ɗorawa kusa da murfi, ya dubi bakin bututu, ya nuna wa ɗan yayata girman faskaren da zai ɗauko. Ni nake leƙa ma'aunin raga a bayansa, tsakanin 118 da 125 yake yawo har dare ya raba. Yaji bai hau ba sai a rabin awar ƙarshe, bayan ya shafa mai. An sauke kafaɗun wajen sha biyu na dare, ƙashin allon kafaɗa ya zaro da yatsa biyu.

Da safiyar Lahadi Baba ya zauna a tabarma ya kasa naman gida-gida kamar yadda aka saba. Ya ware rabin kafaɗa ɗaya ya ƙunshe a jar takarda da ƙullin yaji, ya ba ɗan yayata ya ce ya kai wa mai tanderu. Ni kuma na kwashe toka, na goge raga, na shafe cikin tankin da sauran kitsen sa tun yana da ɗumi, muka tura tirelar ta koma gidanta.